Ana iya gane abin da ya lalace a gwiwa ba tare da MRI ba?

MaiHorarwa_10:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga likitocin da ke cikinmu da ma'aikatan fisiyo. Ana ta yaɗa cewa duk wanda ya ji ciwo a gwiwa, in dai bai yi MRI ba, wato hoton maganaɗisu mai nuna jijiyoyi da guringuntsi, ɓata lokaci kawai ake yi, wai hannun likita ba ya ganin cikin gaɓa. Wasu kuma sun ce hoton ƙashi na yau da kullum ya wadatar. A ɗauka ga matashi ɗan shekara 24 yana buga ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, ya kafa ƙafa zai juya, gwiwar ta ce ɓas, ya zube. Kafin a tashi wasa ta kumbura suntum. Me ake fara dubawa? Kuma da gaske ne sai da MRI?

Dakta_Kashi:
Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi kaɗai ya isa a sa jijiyar giciye ta gaba, wadda ake kira ACL, a sahun farko na abin zargi tun ba a taɓa yaron ba. Abu huɗu ne suka haɗu: ba karo aka yi ba, ƙafa na kafe jiki ya juya, an ji ƙara, kumburi kuma ya zo da wuri. Na ƙarshen nan ya fi sauran nauyi. Gwiwar da ta cika cikin awa ɗaya ko biyu jini ne ya taru a cikinta, kuma abubuwan da ke zubar da jini cikin gaɓa ba su da yawa: tsinkewar ACL, gocewar ƙoƙon gwiwa, karayar da ta ratsa cikin gaɓa, ko yagewar miniskus, guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙwauri, ta bakin gefe inda jini ke isa. Wadda kuwa sai da gari ya waye aka ga ta ɗan tasa, galibi ruwan gaɓa ne ya ƙaru, an fi ganin haka a yagewar miniskus ko gurjewar guringuntsi.

Saboda haka aikin farko tambaya ce. Yaya aka yi ya faɗi? Ya iya ci gaba da wasa? Yaushe ta kumbura? Tana miƙewa har ƙarshe? Tana suɓuce masa in ya taka? MRI yana da amfani, amma aikinsa a nan tabbatar da zargi ne da nuna abin da ya lalace tare da jijiyar kafin a yanke shawarar tiyata.

NasTaGaggawa:
Dakta, ka yarda in ja mu baya kaɗan. Kafin a kai ga jijiya sai an cire karaya. Akwai ƙa'idar Ottawa, wadda Ian Stiell da abokan aikinsa suka fitar a Kanada a 1995, ita ke nuna wanda ya kamata a yi wa hoton ƙashi bayan rauni. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya samu, a yi hoto: shekara 55 ko fiye, zafi in an danna ƙoƙon gwiwa shi kaɗai, zafi a kan ƙaramin ƙashin ƙwauri, wannan ɗan tudun da ke gefen waje ƙasa da gaɓa, kasa lanƙwasa gwiwa zuwa digiri 90, ko kasa yin taku huɗu, lokacin da abin ya faru da kuma lokacin da ake duba shi. Ɗingishi ba ya hana a lissafa taku, muddin ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar.

Sai abu biyu da ba a tsallake su ko layi ya kai ƙofa. A sa shi ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe. A kuma laluba bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu na ciki, a ce ya ɗago yatsunsa sama.

Dalibin_Likita:
Sista, na fahimci na bugun jini. Ɗaga ƙafa a miƙe fa, me yake nunawa? Mai ciwo ai zafi kaɗai zai iya hana shi.

NasTaGaggawa:
Zai iya, shi ya sa ake fara ba shi maganin rage zafi a sake gwadawa. In har yanzu ya kasa, ko ka ɗaga masa ka saki ƙafar ta faɗi, to abin da ke miƙe gwiwa ya katse a ɗaya daga wuri uku: agarar tsokar gaban cinya a saman ƙoƙo, ƙoƙon kansa ya karye, ko agarar da ta haɗa ƙoƙo da ƙwauri. Ta sama an fi ganinta a wanda ya haura 40, ta ƙasa a matasa masu tsalle. Ka bi da yatsa za ka ji rami inda ta katse. In ta ƙasa ce ƙoƙon zai haye sama fiye da na ɗayar ƙafar, in ta sama ce zai sauko. A tambaye shi ko yana shan sitiroid ko maganin rukunin ciprofloxacin, don suna raunana agara. Wannan rauni ɗinki yake so cikin kwanakin farko. In aka sallame shi da sunan targaɗe ya dawo bayan wata biyu, tsokar ta riga ta ja baya, aikin ya zama wani abu daban.

Fisiyo_Hajiya:
Tunda an cire karaya, bari in yi bayanin gwajin da ya fi kowanne nuna ACL, wato gwajin Lachman. Mutum ya kwanta rigingine, kansa a kan matashi, hannuwansa a gefe. A lanƙwasa gwiwa digiri 20 zuwa 30 kawai. Hannu ɗaya ya danne ƙarshen cinya, ɗayan ya kama saman ƙwauri, babban yatsa dab da layin gaɓa. Sai a ja ƙwaurin gaba da ɗan hanzari. Abu biyu ake saurare da hannu: nisan da ya tafi, da yadda ya tsaya. Jijiya mai lafiya tana tsayar da shi cak. Wadda ta tsinke, ƙwaurin zai yi ta tafiya ya ƙare a laushi, ba ka jin inda ya tsaya. Bambancin milimita 3 zuwa 5 da ɗayar gwiwar mataki na ɗaya ne, 5 zuwa 10 na biyu, sama da 10 na uku.

Da lafiyayyar ƙafa ake farawa kullum. Akwai mutanen da halittarsu gaɓoɓinsu sakwa-sakwa suke, in ba ka san tasa ba za ka ce duka biyun sun tsinke.

Abin da ke ɓata gwajin uku ne. Na farko, mutum ya ɗaure tsokar bayan cinya don tsoro, ita kuwa baya take jan ƙwauri, sai ta ɓoye raunin. Ka taɓa agarar bayan gwiwa, in ka ji ta a tsaye ka jira ya saki. Na biyu, cinya babba hannun mai dubawa ƙarami. Maganinsa ka sa gwiwarka ƙarƙashin cinyarsa, ka danne ta daga sama. Na uku shi ne ya fi yaudara: in jijiyar giciye ta baya ce ta tsinke, wadda ake kira PCL, ƙwaurin ya riga ya zauna a baya, kai kana jawo shi mazauninsa ne kawai, sai ka ɗauka gaba ya yi yawa.

Abu_Yasir77:
Hajiya, ni na san ana lanƙwasa ta digiri 90 ne, likita ya zauna a kan ƙafar ya ja da hannu biyu. Ba shi ba ne?

Fisiyo_Hajiya:
Wannan wani gwajin ne daban, Malam, kuma a sabon rauni bai kai Lachman ba. Gwiwar da ta cika da jini da ƙyar take kaiwa digiri 90, tsokar bayan cinya ta fi samun ƙarfin ja a wannan yanayin, bayan miniskus na ciki kuma yana tokare ƙashin cinya ya hana ƙwauri zuwa gaba. Inda digiri 90 ke da amfani sosai shi ne jijiyar baya. Ka jera gwiwoyin biyu a lanƙwashe, ka duba ta gefe. A lafiyayyar gwiwa bakin ƙwauri ya fito gaban ƙashin cinya da kusan santimita 1. In ka ga ɗaya ta lotsa baya, PCL ce. An fi samunta a wanda ƙwaurinsa ya daki gaban mota a hatsari, ko ya faɗi a kan gwiwa a lanƙwashe.

MaiDaukarHoto:
Ku masu hannu kun fara yin kamar hoto ado ne. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, gaskiya ne, amma yana nuna sawun da ta bari. Wani ɗan ɓallin ƙashi a bakin ƙwauri ta gefen waje, wanda likitan Faransa Paul Segond ya bayyana tun 1879, kusan kullum tare yake da tsinkewar ACL. Girmansa bai kai farce ba, wanda bai san shi ba zai rubuta babu karaya. Haka nan in aka ɗauki hoton gefe mutum na kwance, haske ya ratso a kwance, wani lokaci za ka ga layi miƙaƙƙe saman ƙoƙo, maiƙo a sama jini a ƙasa. Maiƙon daga ɓargo ya fito, ke nan akwai karaya cikin gaɓa ko ba a gan ta ba, sai a wuce zuwa CT, hoton da ke nuna ƙashi yanki-yanki. Karayar saman ƙwauri da ta ɗan lotsa ta wannan hanyar ake kama ta. Wane hannu ne zai ji wannan?

Dakta_Kashi:
Ba wanda ya ce ado ne, ɗan'uwa. Amma wa ya ce a ɗauki hoton gefe a kwance? Wanda ya riga ya yi zargi ne. Hoto ba ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Tunda ka ambaci hatsari, akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Gwiwa tana iya gocewa gaba ɗaya, ƙwauri ya bar ƙashin cinya, sannan ta koma da kanta kafin a iso asibiti. Hoto zai fito lafiya. Alamarta ita ce jijiyoyi biyu ko uku sun saki lokaci guda, gwiwar na lilo kowane ɓangare. Babban hatsarin a bayan gwiwa yake, inda babbar jijiyar jini ta bi a ɗaure sama da ƙasa, ba ta da wurin kaucewa. In jini ya yanke aka wuce awa 6 zuwa 8, ƙafar na iya salwanta. Jijiyar lakar da ta zagaye kan ƙaramin ƙashin ƙwauri ma tana shafuwa, shi ya sa Sista ta ce ya ɗago yatsu. In ya kasa, ko bayan ƙafar ya yi dindiris, ita ce.

Dalibin_Likita:
Ke nan in an ji bugun jini a ƙafa an tsira.

NasTaGaggawa:
A'a, ba a nan take ba. Fatar cikin jijiyar jinin kan yage ba tare da ta toshe nan take ba, sai bayan wasu awanni jini ya daskare a wurin. Ana auna hawan jini a idon sawu, a raba da na hannu. In sakamakon ya gaza 0.9 a yi hoton jijiyoyin jini ba jira. In ya kai, a kwantar da shi a riƙa sake dubawa lokaci-lokaci har kwana ɗaya ko biyu. Ba a sallamar irin wannan don an ji bugu sau ɗaya.

Ummu_Sadiq:
Don Allah a yi maganar miniskus da kyau, an ambace shi an wuce. Mutane da yawa ba sa jin ƙara, ba su faɗi ba, tsugunno kawai suka yi suka miƙe gwiwa ta riƙe.

Fisiyo_Hajiya:
Yar'uwa, miniskus guringuntsi ne guda biyu da ke tsakanin ƙashin cinya da ƙwauri, ɗaya ciki ɗaya waje, suna raba nauyi. Na ciki ya fi yagewa don a manne yake, ba ya motsi kamar na waje. Alamominsa: zafi daidai layin gaɓa, kumburin da ke zuwa a hankali, zafi wajen tsugunno ko juyawa a kan ƙafa, da maƙalewa.

Layin gaɓar kansa mutane ke kuskure. A lanƙwasa gwiwa digiri 90, a sa yatsa cikin ramin da ke gefen agarar ƙoƙo, a bi shi a kwance zuwa baya. Zafin miniskus ya fi zama can baya-baya. In zafin na sama da layin ko ya bi tsaye, jijiyar gefe ce. In yana ƙasa da layin da kusan santimita 5 ta ciki, jakar ruwan da ke ƙarƙashin wasu agara uku da suka haɗu a wurin ce ta kumbura, ba miniskus ba.

Gwajin McMurray: a lanƙwasa gwiwa har ƙarshe, yatsu a kan layin gaɓa, a juya ƙafar waje ana miƙewa don na ciki, a juya ta ciki don na waje. Ana neman ƙas mai zafi a ƙarƙashin yatsa. Akwai kuma na Thessaly da aka bayyana a ƙasar Girka a 2005: ya tsaya a ƙafa ɗaya, gwiwa a lanƙwashe digiri 20, ka riƙe hannuwansa, ya murɗa jikinsa dama da hagu sau uku.

Abu_Yasir77:
To in McMurray ya ce ƙas, magana ta ƙare, sai tiyata.

Dakta_Kashi:
Ina! McMurray shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, yana kuskure ta kowane ɓangare. Ana haɗa shi ne da labarin rauni, zafin layin gaɓa da kumburi. Kuma yagewa iri-iri ce. Jini yana isa kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na faɗin miniskus daga bakinsa ne kawai, wadda ta yage a nan tana ɗinkuwa ta warke, wadda ke can ciki ba ta haɗewa.

Wadda ke son gaggawa ita ce mai kama da mariƙin bokiti: dogon yanki ya yage ya kifa tsakiyar gaɓa. Mutum yana iya lanƙwasawa amma ba ya iya miƙewa har ƙarshe, in ka danna kuma ka ji tana dawo da hannunka. Wannan ita ce maƙalewa ta gaskiya, kuma a nan ni ma ba na jira, MRI cikin kwanaki, don yankin na lalacewa in ya daɗe a kife. A bambanta ta da wadda zafi ko kumburi ne kawai ya hana miƙewa, wannan tana sakin jiki in zafin ya lafa.

Kakan_Yara:
Likita, duk maganar 'yan ƙwallo kuke yi. Manya fa da ba su faɗi ba, gwiwa kawai ke ciwo wajen hawa bene da tashi daga zaune, tana ƙara kamar ana taka yashi?

Dakta_Kashi:
Baba, a nan ne ma MRI ya fi ruɗa mutane. Amosanin gwiwa na zaizayewar guringuntsi ba ya buƙatar hoto kafin a gane shi. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ce in mutum ya kai 45, ciwon na tashi da aiki, sagewar safe kuma babu ko ba ta wuce minti 30, ya isa. In sagewar na kai awa ɗaya ko fiye, ga gaɓoɓin yatsu su ma sun kumbura dama da hagu, to wani amosanin ne na garkuwar jiki, gwajin jini yake so.

Matsalar MRI a wannan shekarun ita ce kusan kowa za a samu wani abu. A binciken Framingham na Amurka da aka buga a 2008, kashi 61 cikin 100 na waɗanda hoto ya nuna miniskus ɗinsu ya yage ba su ji ciwo ko sagewa ba a watan da ya gabata. A 2013 kuma a Finland an raba mutum 146 masu yagewar tsufa gida biyu: wasu aka yanke musu yankin da ya yage, wasu aka yi musu aikin bogi, an shiga gaɓar ba a yanke komai ba. Bayan shekara ɗaya ba wani bambancin kirki tsakaninsu. Saboda haka takardar da ta ce an ga yagewa a gwiwar ɗan shekara 60 ba ita ce hukunci ba. Ƙarfafa tsokar cinya da rage ƙiba ne a gaba. Kowane kilo 1 da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Ƙara kuwa in babu zafi babu kumburi, ba cuta ba ce.

MaiDaukarHoto:
Nan na yarda da Dakta. Ƙari ɗaya: in za a yi wa mai amosani hoton ƙashi, a tsaye ake yi, nauyi a kan ƙafa. A kwance tazarar gaɓa tana buɗewa, sai a ce masa ba komai alhali in ya tsaya ƙashi na goga ƙashi. Abu huɗu ake nema: tsukewar tazara, tsiron ƙashi a gefe, kaurin ƙashi ƙarƙashin guringuntsi, da 'yan ramuka. Amma munin hoto da yawan zafi ba kullum suke tafiya tare ba.

LikitanYara:
Ina bin muhawarar, ba wanda ya taɓo yara. Yaron da ya zo da ciwon gwiwa da ɗingishi, ba a gama duba shi ba sai an juya ƙugunsa. Jijiyar laka guda ce ke kai saƙo daga ƙugu da cikin cinya har gwiwa, don haka ciwon ƙugu kan bayyana a gwiwa. Ɗan shekara 10 zuwa 16, musamman mai jiki, kan ƙashin cinyarsa na iya zamewa daga mahaɗar girma. Alamarsa: ƙafa na kallon waje, ƙugu ba ya juyawa ciki, in ka lanƙwasa shi cinyar na buɗewa waje da kanta. Irin wannan ba a barin shi ya taka har a yi hoton ƙugu biyu. Ana iya yin MRI na gwiwarsa sau nawa ya fito fes, alhali ƙugu na lalacewa.

Wanda ya fi yawa kuma ba shi da hatsari shi ne Osgood-Schlatter, da aka bayyana a 1903: ɗan tudun da ke ƙasan ƙoƙo, inda agara ta kama ƙwauri, ya kumbura yana zafi bayan gudu da tsalle. Rage wasa da miƙa tsokar cinya ne maganinsa, yana lafawa in girma ya tsaya. Amma ciwon da ke tada yaro cikin dare, ba ya bin aiki, ga kumburi a ƙarshen cinya ko saman ƙwauri, a yi hoton ƙashi ba jinkiri, don ciwon dajin ƙashi ya fi son wannan wurin a wannan shekarun.

NasTaGaggawa:
Sai gwiwar da ta yi ja, ta ɗau zafi, ta kumbura ba tare da rauni ba, mutum ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan. Ko babu zazzaɓi, ana ɗaukarta a matsayin ƙwayoyin cuta sun shiga gaɓa har sai an tabbatar ba haka ba ne. Nan ba hannu ba MRI, sirinji ne alƙali. A zuƙo ruwan kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini, a shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayoyin cuta za su tsiro, a duba lu'ulu'un gishiri. Sama da 50,000 a kowace maikurolita yana nuni ga mugunya. Gawut, amosanin da lu'ulu'un gishiri ke haddasawa a gaɓa, na zuwa da kama iri ɗaya, kuma ganin lu'ulu'unsa bai kore cuta ba, suna haɗuwa. Mai ciwon suga, mai sikila, da wanda aka taɓa yi wa allura ko aiki a gaɓar sun fi shiga hatsari. Mugunya tana cinye guringuntsi cikin kwanaki.

Fisiyo_Hajiya:
Sista, a bambanta ta da kumburin jakar ruwan da ke gaban ƙoƙo, na masu aikin durƙuso. Wannan a waje yake, ya taru a gaba kamar ƙullutu, ƙoƙon na ƙarƙashinsa, gaɓar kuma na motsi. Ruwan cikin gaɓa kuwa sama da ƙoƙo yake taruwa da gefensa biyu. In kaɗan ne, a shafo gefen ciki zuwa sama, a shafo na waje zuwa ƙasa, za a ga ramin ciki ya sake cikowa. In da yawa ne, a matso daga cinya a danna ƙoƙo, zai nutse ya daki ƙashi ya taso.

Ummu_Sadiq:
Ƙullutun bayan gwiwa fa?

Dakta_Kashi:
Ruwan gaɓa ne ya tura baya, ana kiransa da sunan Baker. A manya kusan kullum akwai abin da ke haifar da shi a ciki, amosani ko miniskus, don haka zuƙe shi kaɗai dawowa yake yi. In ya fashe ruwan na gangarawa sharaɓa, ta kumbura ta yi zafi, ba ka bambanta shi da daskarewar jini a jijiya da ido. A auna kaurin sharaɓa santimita 10 ƙasa da tudun ƙwauri. In ta fi ɗayar da sama da santimita 3, zargin daskarewa ya ƙaru. Sikanin na'urar sauti ke raba gardama, kuma ba a tausa ta kafin nan.

MaiHorarwa_10:
Allah ya saka da alheri. Amma mu dawo kan yaron nan. An yi hoton ƙashi babu karaya, yana ɗaga ƙafa, bugun jini lafiya, sai dai zafi ya hana a yi Lachman. Sai me?

Fisiyo_Hajiya:
Sandar dogarawa, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20 duk bayan awa 2 ko 3 a kwana biyun farko, bandeji mai ɗan matsi, a ɗaga ƙafa. Ya fara matse tsokar cinya da ƙoƙarin miƙe gwiwa tun ranar farko, kada a cusa matashi ƙarƙashinta ta saba da lanƙwasa. A sake dubawa bayan kwana 7 zuwa 14, lokacin kumburi ya sauka.

A wannan dubawar kada a tsaya kan ACL. A gwada jijiyoyin gefe: a tura gwiwa ciki ana jan ƙafa waje, a digiri 30 sannan a miƙe. In ta buɗe a 30 kaɗai, jijiyar gefen ciki ce, takalmin gwiwa ke warkar da ita galibi. In ta buɗe har a miƙe, ɓarnar ta wuce nan. A kuma tura ƙoƙo waje a hankali a digiri 20 zuwa 30 ana kallon fuskarsa. In ya zabura ya kama hannunka, ƙoƙon ne ya goce ya koma. Labarinsu da ACL iri ɗaya ne: juyi, ƙara, faɗuwa, jini.

MaiDaukarHoto:
Ni a ɗan shekara 24 mai jini a gaɓa ban ga dalilin jiran mako biyu ba in na'urar na samuwa. Gocewar ƙoƙo kan ɓallo guntun guringuntsi haɗe da ƙashi, hoton ƙashi ba ya nuna shi in ƙashin siriri ne, hannu ba ya jin sa, kuma mayar da shi na son a yi da wuri.

Dakta_Kashi:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. Matashi mai jini a gaɓa yana cikin waɗanda MRI ya dace da su da wuri. Inda muka rabu shi ne a ce in babu shi ba a san komai ba. Kuma ko ya tabbatar ACL ce, ba washegari ake aiki ba. Sai kumburi ya sauka, gwiwa na miƙewa har sifili, tsoka ta farfaɗo, in ba haka ba ta sage bayan aiki. Ba kowa ma ake yi wa ba, ya danganta da ko tana suɓuce masa da irin wasan da zai koma. Wanda aka yi wa, komawa ƙwallo kafin wata 9 na ƙara hatsarin sake tsinkewa.

Dalibin_Likita:
Hajiya, wajen auna ramewar cinya a dubawa ta biyu, daga ina ake sa tef? Wasu na cewa santimita 10 saman ƙoƙo, wasu 15.

Fisiyo_Hajiya:
Kowanne ka ɗauka ya yi, muddin ka rubuta shi kuma ka yi amfani da shi a ƙafa biyun kowane zuwa. In akwai kumburi ɗauki 15, don jakar gaɓa na haurawa kusan faɗin tafin hannu saman ƙoƙo, ruwan zai shiga awonka a 10 ya ɓoye ramar. Ka sa alama da biro a fata, ƙafa a miƙe, tsoka a sake.